Doguwar tafiya a babur: wanda ya riga lokaci isowa a hana shi lambar yabo

Sakkwato ƙarshen hanya ce. Duk wanda ya ɗauko titin da ya taso daga Legas, ya biyo Ibadan da Ilorin da Jebba, ya ratsa Kontagora, Yawuri, Koko, Jega da Tambuwal, nan zai sauke gajiya. In yana da sauran ƙarfi ya ƙarasa Illela, ya tsaya a bakin iyaka yana hangen Birnin Konni. Shi ya sa masu manyan babura da ke son gwada juriyarsu suke yawan sa garinmu cikin lissafi. Ana ganinsu jefi-jefi, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, sun jera babura a bakin otal ko kusa da fadar Sarkin Musulmi suna ɗaukar hoto, yara sun yi musu zobe.

Ina son abin, kuma ina fatan ya bunƙasa. Mutumin da ya tako ƙasar nan a kan taya biyu ya san ta fiye da wanda ya sauka daga jirgi. Ya sha mai a gidajen manmu, ya kwana a masaukanmu, ya sayi kilishi da kayan fata ya kai tsaraba, ya koma kudu ya gaya wa mutanensa cewa a Sakkwato an karɓe shi hannu biyu. A wannan zamani da sunan yankinmu bai cika fitowa a labarai ba sai an yi ta'asa, irin wannan baƙo abin a rungume ne.

Abin da ke damuna tambaya ɗaya ce, wadda ita ake fara jefa wa mahayi tun bai cire hular kwano ba: "Awa nawa ka yi?" Ba a tambayar ina ya kwana, me ya gani, ko kowa ya iso lafiya. Wanda ya faɗi awoyi kaɗan shi ne gwarzo. Daga nan sai bidiyo ya hau TikTok da Facebook, an haska agogon gudu, allura ta haura 160, ana ta yabo a ƙasa. Ra'ayina shi ne wannan tambaya ce ke jawo yawancin haɗarin da ke cikin harkar, kuma ba za a yi maganinsa da wa'azi ko allunan gefen titi kaɗai ba. Sai an gyara ƙa'idar tafiyar kanta, ta yadda gudu zai zama abin da ke jawo wa mahayi asara, ba abin da ke ɗaga sunansa ba.

Gwajin juriya da agogo ba a nan aka ƙirƙiro shi ba. A Amurka akwai ƙungiya mai suna Iron Butt Association da ke ba da takardar shaida ga wanda ya yi mil 1,000, wato kilomita 1,600 da ɗoriya, cikin awa 24. Suna kiran wannan SaddleSore 1000. Akwai wanda ya fi shi tsanani, mil 1,500 cikin awa 24. Suna kuma da babban gangami na kwana 11 da aka fara a 1984, inda mahaya ke yin kusan mil 11,000. Hujjar da suke karɓa ita ce rasit na gidajen mai masu ɗauke da rana da lokaci da wuri. Su da bakinsu suna nanata cewa abin ba tsere ba ne, kuma lissafi yana bayansu. Kilomita 1,600 cikin awa 24 na buƙatar matsakaicin gudun kilomita 67 ne kawai a awa. A manyan titunansu doka ta yarda da kilomita 110 zuwa 120 a jihohi da yawa, titin a killace yake, babu kasuwa a kai, babu dabba, gidan mai a buɗe dare da rana. Wanda ya riƙe 110 zai gama cikin awa 15, ya sami rarar awa 9 ta cin abinci da barci, bai karya dokar kowa ba.

To a ɗauko wannan lissafi a aza a kan titinmu. Kundin dokokin hanya na Najeriya ya ƙayyade wa babur kilomita 50 a awa, a cikin gari da kuma kan babbar hanya. Ko da mutum bai sauka daga sirdi ba daga asuba zuwa asuba, bai sha mai ba, bai yi salla ba, kilomita 1,200 zai yi. Ke nan a ƙarƙashin dokar da ke rubuce yau, babu yadda za a yi wannan gwaji a ƙasar nan ba tare da an taka ta ba. Wannan gaskiya ce da masu shirya irin waɗannan tafiye-tafiye ba sa son a faɗa, amma gara a faɗe ta.

A ajiye doka ma a gefe, a dubi hanyar. A ce mahayi ya cire awa 4 don shan mai, salloli biyar, abinci da shingayen jami'an tsaro, wanda kowa ya san ya yi kaɗan. Saura awa 20. A ce cikin tafiyar akwai kilomita 300 na garuruwa, ramuka da wuraren da ake gyara, inda ba zai wuce 40 ba. Sun cinye awa 7 da rabi. Sauran kilomita 1,300 dole ya yi su cikin awa 12 da rabi, wato sama da 100 a awa, babu sassauci, rabinsu kuma cikin duhu. Duk minti goma da ya ɓata yana jiran mai, sai ya rama shi da totur. Ba sai mahayin ya kasance ɗan ganganci ba. Mutum ne mai hankali, mai iyali, amma ya ɗaura wa kansa agogo, agogon kuma shi ke murɗa masa hannu.

Da a ce haɗarin a kansa kaɗai ya tsaya, da na rage magana. Baligi ne, ya sayi babur ɗinsa, ya sa hular kwano da rigar kariya da safar hannu da takalmi, ya san abin da ya shiga. Amma titinmu ba nasa ba ne shi kaɗai.

Na taɓa tsayawa a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari ranar kasuwarsu. Kasuwar ta cika ta tumbatso har kan kwalta. Amalanken shanu ɗauke da buhunan albasa tana ƙoƙarin juyawa, wani yaro na jan akuya da ta kafe a tsakiyar titi, 'yan mata masu tallan fura da awara na tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da mota ta rage gudu, don ciniki ba ya jira. Sai ga ƙara daga nesa. Kafin mutane su gane daga ina take, babura sun keto kasuwar ɗaya bayan ɗaya, iskarsu ta ɗaga mayafin wata yarinya, ta saki faranti ta dafe kunne. Allah Ya tsare, ba a taɓa kowa ba. Wani dattijo da ke zaune kan buhu kusa da ni ya bi su da kallo har suka ɓace, sannan ya juyo ya ce, "Malam, mu mi munka yi musu? Kasuwar ga nan take tun ba a zuba kwalta ba." Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Ba a nemi izininsa ba, ba a nemi na yarinyar ba, kuma babu hular kwano a kan kowa cikinsu.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in an ninka gudu, haɗari ma ninki biyu yake yi. Ba haka ba ne. Ƙarfin karo da tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu suke yi. Babur da ke kan 50 yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da mahayi ya hangi akuya zuwa lokacin da ya tsaya cak, kusan mita 35 sun ishe shi in kwalta na da kyau. A kan 120 kuwa, mita 33 yake ci a daƙiƙa. Kafin ido ya kai saƙo, hannu ya kama birki, ya riga ya shafe wajen mita 50, birkin kuma na neman wasu 80. Mita 130 ke nan, a titi mai kyau da taya mai kyau. In akwai rairayi a kan kwalta, kamar yadda iska ke kwasowa a hanyar Gwadabawa da Illela, lissafin ya ƙara lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a kan 65 ya fi wanda aka buge a kan 50 shiga haɗarin mutuwa sau huɗu da rabi. Me ake samu a madadin haka? Daga Sakkwato zuwa Illela kilomita 80 ne da ɗoriya. Wanda ya riƙe 80 zai yi awa ɗaya da 'yan mintoci, wanda ya riƙe 120 zai riga shi da kusan minti 20. Minti 20 ɗin nan ake saye da ƙarfin karo da ya haura ninki biyu.

Wanda yake ganin ina zuzuta abin ya dubi tarihin tseren Dakar, babban tseren motoci da babura a hamada. An fara shi daga Paris a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar, nan maƙwabtanmu. Ƙwararrun mahaya na duniya ke shiga, da likitoci da jirage masu saukar ungulu a bayansu. Duk da haka ya ci rayukan mahaya, ya kuma ci na mutanen ƙauyukan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A 2006 kaɗai an kashe yara maza biyu a gefen hanya, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Masu shirya tseren sun kafa iyakar gudu a cikin ƙauyuka, suna bin kowane abin hawa da na'urar GPS, wanda ya haura a ci shi tara ko a ƙara masa lokaci. Bayan an mayar da tseren Saudiyya, Paulo Gonçalves ɗan Fotugal, gogaggen mahayi, ya mutu a Janairun 2020. Shekarar da ta biyo baya aka tilasta wa masu babura sa rigar da ke kumbura da iska idan mutum ya faɗi, aka kuma ƙayyade wa manyan mahaya yawan tayoyin baya da za su yi amfani da su, don dole su sassauta. Wannan tsere ne na gaske, wanda manufarsa ita ce a riga kowa, amma masu shi sun yarda cewa ba a barin gudu a hannun zuciyar mahayi. Ina ga mu da muke hawa titin da kowa ke bi, babu likita a baya, babu jirgi a sama?

Sai kuma abokin gudu, wato barci. Wannan shi ya bambanta doguwar tafiya da gudun yaran gari. Binciken da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya sha giyar da ta kai ma'aunin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi a kansa. In ya kai awa 24, ya ninka haka. Mu nan ba ma shan giya mu hau babur, alhamdu lillahi, amma muna yaba wa wanda ya kai kansa ga halin mashayi ta hanyar hana ido barci. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan 120 mita 100 ne da ido a rufe. Mai mota in ya yi gyangyaɗi wataƙila ya farka a cikin gona. Mai babur ba shi da wannan rangwamen. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari suna ɗaga barcin ne na ɗan lokaci, ba sa biyan bashinsa. Wanda kuma ya kai ga haɗiyar tiramol don kada ya ji ciwon baya, ya kashe ƙararrawar da jiki ke bugawa ne kawai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa. Jikin ɗan Adam bai canja ba don an ƙera injin mai ƙarfi.

Ga kuma yanayinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, mahayi kuma na cikin riga mai kauri, iska mai zafi na busar da guminsa bai ma san yana zubar da ruwa ba, sai jiri ya ɗebe shi. Da hunturu hazo ke rufe hanya. Da dare kuwa ga tirelar da ta lalace a kan titi babu fitila, sai 'yan ganyaye da aka jera a bayanta, ga garken shanu, ga raƙumi mai launin ƙasa da ba a ganinsa sai an zo dab.

Akwai hujjojin da mahaya ke kawowa, kuma ba duka ne na banza ba. Wani matashi da na tarar wajen bakanike ana ɗaure masa sarƙa, yana goge gilashin hularsa da gefen rawani, ya ce da ni, "Yaya, kai ma ka san hanyar Gusau. In ba ka taka ba, magariba ta same ka a daji, wa zai cece ka?" Na ce masa, "Ƙanena, wannan tsoro na gaskiya ne, ni ma ina da shi." Duk wanda ke bin Dange, Tureta, Talatar Mafara zuwa Gusau da Tsafe ya san abin da ake nufi. A 2021 ma gwamnatocin Zamfara da Sakkwato sun taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda 'yan bindiga. Amma wannan hujja ce ta a taƙaita zangon yini, a tashi da sassafe a sauka kafin la'asar ta yi sanyi, ba hujjar a tsara kilomita 900 a rana sannan a ce tsoro ne ya sa aka yi 150 ba. Wanda ya tsara tafiyar da ba za ta yiwu ba sai da gudun ceton rai, tun a gida ya yi kuskuren. Hanyar da ba ta biyuwa sai a guje, a bar ta har Allah Ya kawo sauƙi, ko a canja wata.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma a nan ina tare da su. Suna cewa dokar 50 an rubuta ta ne da ƙananan babura a zuciya, irin Boxer da Jincheng da 'yan kabu-kabu ke goyo da su. Babur mai babban inji, mai birki na zamani da faffaɗar taya, in ka tilasta shi ya riƙe 50 a hanyar Jega alhali bas da tirela na zuwa ta bayansa a guje, ka jefa shi cikin wani haɗarin ne. Haka ne. Dokar da kowa ya san ba a binta, har jami'in da ke tsaye a titi ya san ba a binta, illarta ta fi ta rashin doka, don tana koya wa mutane raina sauran dokokin. Mun ga haka a Janairun 2009, lokacin da aka tilasta sa hular kwano ba tare da an shirya mutane ba, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka, daga baya abin ya bi ruwa. Saboda haka ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda tun 1988 take wannan aiki, ta raba babura gida biyu bisa girman inji. Manya a ba su iyakar da aka ba motar gida, 50 a gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi, da sharaɗin lasisi na musamman da cikakkun kayan kariya. Sannan a tsaya a kan wannan da gaske. Hukumar da ta tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu tun 2017 ba za ta rasa dabarar sa ido a kan ayarin babura ba.

Hujja ta uku ita ce wadda ake rufe kowace muhawara da ita a garin nan: in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Na yi imani da ƙaddara. Amma Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu, kuma an ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ko da mutum ya ga yana da ikon yin kasada da ransa, ba shi da ikon yin ta da ran 'yar talla. Malamanmu sun san hukuncin kisan kuskure, da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Ina so in ji ana faɗar wannan a kan mumbari kamar yadda ake faɗar sauran haƙƙoƙi.

Gyaran da nake ganin ya fi kowane tasiri ba ya buƙatar majalisa ko kasafin kuɗi. Yana hannun masu shirya tafiyar. Yanzu ana sa wa'adi ta gefe ɗaya ne: ka iso kafin ƙarfe kaza. A ƙara ɗaya gefen: kada ka iso kafin ƙarfe kaza. A auna hanyar, a lissafa lokacin da za ta ci in an bi iyakar gudu, a haɗa da hutu da salla, a ce wannan shi ne mafi ƙarancin lokaci. Wanda ya riga shi isowa ya kawo shaida a kan kansa cewa ya yi gudun wuce kima, don haka babu takarda, babu lambar yabo, babu sunansa a jerin waɗanda suka kammala. Kowace wayar zamani na iya nuna inda mutum ya bi da gudun da ya yi a kowane wuri, saboda haka babu batun musu. A ware garuruwa da kasuwanni da makarantun da ke kan hanya, a ce nan 30 ne ko 40, wanda ya keta ko sau ɗaya ya fita. A sa hutun dole bayan kowace awa biyu, a hana tafiya bayan magariba, a kuma daina gwajin awa 24 gaba ɗaya a titunanmu har sai mun sami hanyar da za ta ɗauke shi. Juriya za a iya auna ta da kwanaki: wa zai iya tashi kowace safiya ya yi kilomita 400 na tsawon mako biyu, babur lafiya, jiki lafiya, bai taɓa kowa ba? Wannan ya fi wuya, kuma duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya sani.

Ba baƙon abu nake kawowa ba. Kakanninmu fatake sun yi doguwar tafiyar da ta fi wannan wahala, daga Kano da Sakkwato da Jega zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni a hanya. Ayari na da madugu, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a ya da zango, jagaba na gaba yana duba hanya. Tafiyar ayari tafiyar jakin da ya fi kowane rauni ce. Ba a taɓa yi wa falke kirari don ya baro 'yan uwansa a daji ya riga su shiga gari ba. Darajar madugu ita ce ya fita da mutane da kaya, ya dawo da su cif. Ayarin babura ma haka ya kamata ya zama: mai gaba wanda ba a wuce shi, mai baya wanda ba ya barin kowa, da ikon cewa wane ka gaji, yau a nan za ka kwana.

A zamaninmu ma akwai misali. A 2022 wani ɗan Najeriya mai suna Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur ranar 19 ga Afrilu, ya ratso Faransa, Sifen, Maroko, Muritaniya, Senegal da Mali, ya shigo Legas ranar 29 ga Mayu, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan-inna. Sama da kilomita 12,000 cikin kimanin kwana 40. In ka raba, wajen kilomita 300 ne a rana. Duniya ta san sunansa, kuma ban ji wanda ya tambayi inda allurar agogonsa ta kai ba.

Akwai abin da ba a cika lissafawa ba sai ya faru, wato nisan asibiti. In mutum ya faɗi a tsakanin Tambuwal da Jega, ko a hanyar Illela, kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko an ɗauki lokaci, galibi kuma a bayan a-kori-kura za a kwantar da shi. Mutanen kirki za su rugo su taimaka, su fizge hular kwano, su ɗaga shi ta hannu da ƙafa, in wuya ya karye su ƙarasa abin da faɗuwar ta fara ba da saninsu ba. Duk ayarin da ya fita ba tare da motar rakiya da wanda ya iya taimakon farko ba, ba tare da kowa ya riƙe lambar gaggawa ta 122 da sanin asibiti mafi kusa a kowane zango ba, bai shirya ba, ko da baburansa sun kai miliyan nawa.

Sannan a tuna da masu kallo. Yaron da ke unguwa yana kallon bidiyon allura a kan 180 ba shi da rigar kariya, ba shi da birkin zamani. Roba-roba gare shi ko Boxer ɗin yayansa, da silifa a ƙafa. Shi ne zai je ya gwada a titin bayan gari, ko ranar ɗaukar amarya, ya goya abokai biyu. Mahayin da ya sa bidiyon ya koma Abuja ko Legas, mu ne za mu je gaisuwa. Ina roƙon duk mai babban babur da ke da mabiya a intanet ya daina haska agogon gudu. Ya haska mana gadar Jebba, ya haska kogin Rima da fadamun albasa, ya nuna yadda yake duba taya da sarƙa kafin ya tashi.

Mu ma masu karɓar baƙi muna da hannu. Sarakuna da jami'an gwamnati da 'yan kasuwar da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan tafiye-tafiye, su ne ke miƙa kyauta, su ne ake ɗaukar hoto da su. Kafin a buɗe wa ayari ƙofar fada ko a ba shi ko sisi, a nemi ganin ƙa'idarsa a rubuce da bayanan gudun kowane mahayi. A 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry daga Illela, mai tsawon kilomita 1,068. Ranar da aka gama ta, za a sami wanda zai ce zai yi ta daga farko zuwa ƙarshe tsakanin asuba da azahar, kuma za ta ratsa gonaki da burtalai da ƙauyukan da mutanensu za su ci gaba da tsallakawa da ƙafa. Ina so hukumar kiyaye haɗurra reshen Sakkwato ta kira shugabannin masu manyan babura da wakilan garuruwan da ke kan hanyar su zauna tun yanzu, a rubuta mafi ƙarancin lokacin da aka yarda a yi ta, kafin wani ya fara kafa nasa.